Yadda za ka kai iyali yini a bakin ruwan Tiga

Ni mutumin ƙasar Bebeji ne, shi ya sa duk hutun makaranta sai 'yan uwa na birni sun bugo waya suna tambayar yadda za su kawo yara su ga dam ɗin Tiga. Abin da nake fara gaya musu shi ne ba don shaƙatawa aka yi wurin ba. An gina shi a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, domin noman rani. Ruwan da yake iya riƙewa ya doshi kubik mita biliyan 2, kuma da shi ake ban-ruwan shinkafa da alkama da tumatir a Kadawa da Kura da Bunkure. Wurin aikin masunta ne da manoma, kai baƙo ne a cikinsu, don haka ta hannunsu za ka shiga.

Lokacin da ya fi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ruwa a cike, taɓo ya bushe, rana ba ta gasa mutum. Da damina gaɓa tana santsi, hadari kuma yakan taso da la'asar ba sallama. Ranakun bikin sallah ni ba na so, cunkoson ya yi yawa, amma wannan ra'ayina ne.

Daga Kano tafiyar kusan kilomita 70 ce. Ka fito bayan asuba, ka bi titin Zariya, ka wuce Kura, sannan ka saki babban titi ka kama hanyar Bagauda. Za ka wuce makarantar horar da lauyoyi, kusa da dam ɗin Bagauda da ya ɓalle a watan Agustan 1988. A mota ka sa tabarmi, buta, ruwan sha isasshe, gawayi da wayar gashi, yajin ƙuli, albasa, lemun tsami, ɗan man gyaɗa, da buhu ɗaya na kwashe shara. Ka riƙo canji a aljihu, don masunci ba zai tsaya jiran tiransifa ba ga kifi yana kwance a rana. Yara kuwa a sa musu takalmin roba saboda ƙaya da fasassun kwalabe.

Da isarka kada ka zarce kan katangar dam. Wurin yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, akwai masu gadi, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya don ɗaukar hoto kusa da ƙofofin ruwa. Daga nan ka nufi inda masunta suke ɗaure kwale-kwale, ka nemi dattijon cikinsu ka yi sallama: "Baba, sannu da aiki, yaya ruwa? Yara na kawo kallo, ina ya kamata mu shimfiɗa?" Idan aka haɗa ka da sarkin ruwa, ka rusuna ka ce ranka ya daɗe. Su ne suka san inda ƙasa take zarcewa rami farat ɗaya, da inda tsofaffin kututture suke a nutse, da inda aka kafa kalli, wato ragar kamun kifi, wanda idan ya harɗe ƙafar mai iyo ba ya saki.

Maganar jirgi a nan nake da zafi. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, ɗauke da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi daga Badau, aka rasa rayuka sama da 20, yawancinsu yara. Lodi ne ya fi ƙarfin jirgin. Saboda haka ku daidaita kuɗi tun kuna tudu, ka tambayi mai jirgin mutum nawa yake ɗauka, sai ka rage biyu a kai. Idan kun yi yawa a yi sawu biyu. A nemi rigar kariya, yaron da bai samu ba ya zauna a gaɓa ko zai yi kuka har gobe. A cikin jirgi kowa ya zauna ƙasa-ƙasa, manya a raba su gefe da gefe, babu miƙewa don ɗaukar hoto. In iska ta fara kaɗa ruwa, ko rana ta sunkuya, a juyo.

Wanka kuwa, ni ba na barin nawa su shiga ko a bakin gaɓa. Ban da nutsewa akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyawar ruwa marar zurfi, ta huda fata ta shige ba tare da yaro ya ji komai ba, sai bayan makonni a ga jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai masu cewa alamar balaga ce, alhali cuta ce mai lalata mafitsara idan ta daɗe. Wanda ya riga ya shiga ruwan kuma aka ga alama, a kai shi asibiti, maganinta praziquantel ne. Alwala ma da ruwan butarka za ka yi.

To me ya rage? Fatsa. Ka samo doguwar sanda da zaren roba da ƙugiya ƙarama, ka ɗaura totuwar kara a tsakiyar zaren ta riƙa yawo a saman ruwa, a tono tana a wuri mai danshi a yi koto. Ka koya wa yaro ya zuba wa totuwar ido: in tana rawa kawai, kifi na lasa ne, sai ta nutse sannan a fizge. Yawanci 'yar karfasa ce za ta fito. Idan ƙurungu ne kada yaro ya damƙe shi, ƙayar bayansa da ta gefensa tana da mugun zafi.

Abin ci dai a wajen masunta za ka saya, da hantsi lokacin da suke fitowa. Tarwaɗa ka zaɓi mai motsi. Karfasa ka duba idonta garau, ka ɗaga murfin kunnenta ka ga ja jawur, ka danna jikinta ya dawo. A kankare ɓawon, a fasa cikin a wanke da ruwan da ka zo da shi, a tsaga kowane gefe sau uku har wuƙa ta taɓa ƙashi, a matsa lemun tsami, a cusa yaji da mai a cikin tsagar. Kada ka ɗora sai wuta ta kwanta garwashi ya yi farin toka, in ba haka ba fatar ta ƙone ciki ɗanye. Juyi ɗaya ake yi mata. Wanda ya nuna muku wuri a miƙa masa nasa kason da ɗan kuɗin goro.

Bayan la'asar a tattara. A kashe garwashi da ruwa saboda busasshiyar ciyawa da shanun da ke zuwa shan ruwa, a tsince leda da ragowar zaren fatsa. Ka kama hanya da sauran rana, kuma idan lokacin tumatir ne ka tsaya a Kwanar Gafan ka yi wa uwargida kwando, sai dai ka sa a juye maka shi ka ga na ƙasa kafin ka biya.