Kafin ka sayi wuƙar aljihu, gwada mahaɗarta

Jama'a, kada ƙyallin ƙota ya ruɗe ku. Buɗe wuƙar gaba ɗaya, ka kama ruwanta da tsumma, ka jijjiga hagu da dama. In ka ji girgiɗi, ajiye ta.

Sannan ka ɗaga bayanta wajen haske. Bai kamata haske ya ratsa tsakanin sifirin, wato ƙarfen bayan ƙota da ke riƙe ruwan wuƙar a buɗe ko a rufe, da ƙarfen gefe ba. Rufe ta a hankali: mai kyau za ta koma da ƙarfinta, ka ji ƙas, tsininta ya shige cikin ƙota sarai.

Dalili kuwa, wuƙaƙen zamanin da, da hannu ake daidaita ƙusar mahaɗa da sifirin ɗinsu, ɗaya bayan ɗaya. Masu arha na yanzu inji ke bugowa da yawa, a nan mahaɗar ake rage aiki.

Ƙarfen ma ya canja. Na da mai kabon ne, irin wanda ake kira 1095. Yana ɗaukar kaifi da wuri a dutse, amma yana tsatsa, sai ka riƙa goge shi kana ɗiga masa mai. Marar tsatsa, wanda aka samar a Sheffield ta Ingila a 1913, yana da kyau in an gasa shi daidai. In an yi ha'inci, kwali kaɗan zai dakushe shi.

Inda gwajin ba ya aiki: tsohuwar wuƙa da ta sha amfani. Girgiɗinta na iya zama ƙusa ce ta saki, a ɗan buga da guduma ta koma. Amma sifirin da ya mutu sai an canja shi, kuɗin gyaran kan wuce na wuƙar.