Yadda ake rage atisaye da goge salo kafin babbar gasar ninkaya

Saura sati uku gasa, ko ta jami'o'i ce wato NUGA, ko gasar wasanni ta ƙasa, ko ta wani waje ce aka gayyace ka, toh abun da ke gabanka yanzu ba ƙara ƙarfi ba ne. Ƙarfin da za ka shiga ruwa da shi ranar gasa ka riga ka tara shi a watannin da suka wuce, in ma ba ka tara ba sati uku ba zai tara maka ba. Aikin da ya rage shi ne abun da kociyoyi ke ce wa tefa, wato a dinga rage maka nauyin atisaye a hankali har gajiyar da ta taru a jiki ta fita, amma gudun ya zauna. Wuƙa ce an gama ƙera ta, saura wasawa.

Kuma kada a raina abun. Wani masanin wasanni mai suna Iñigo Mujika da abokan aikinsa sun bi lokutan masu ninkaya a sati ukun ƙarshe kafin Olamfik ɗin Sidni na 2000, suka ga gudunsu ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100. A baki kamar ba komai, amma in kana yin mita 100 a daƙiƙa 60, kaga an cire maka fiye da daƙiƙa ɗaya kenan, kuma a gasa daƙiƙa ɗaya tana iya raba mai lambar zinare da wanda ya koma gida hannu rabbana.

Mataki na farko, ka ɗauki kalanda ka ƙirgo baya daga ranar tserenka, ba ranar bikin buɗe gasa ba. Yawancin mutane sati biyu ne ya fi musu, wasu har uku. Mai gajeren zango, ɗan mita 50 da 100, musamman namiji ƙaƙƙarfa mai tsoka da yawa, shi ya fi buƙatar dogon hutu. Mai mita 800 ko 1500 nashi bai kai haka ba saboda numfashinsa yana saurin sauka in ya rage nisa da wuri. Yara ƙanana kuwa 'yan kwanaki sun ishe su. Akwai kuma maganar da mutane ba sa son ji: in dama sau uku kake shiga ruwa a sati, a ful ɗin otal da kake biyan kuɗin shiga, toh babu wata gajiyar da ta taru da har za ka yi sati uku kana sauke ta, kwana biyar zuwa bakwai ma ya yi, fiye da haka zama ne kawai kake yi.

Mataki na biyu shi ne zuciyar abun gaba ɗaya, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Nisa ake ragewa, ba gudu ba. Da aka haɗa bincike da dama aka duba a 2007, an ga abun da ya fi aiki shi ne a rage yawan atisaye da kashi 41 zuwa 60 cikin 100 a tsawon kamar sati biyu, ba tare da an taɓa zafin gudun ba, kuma ba tare da an rage yawan ranakun shiga ruwa sosai ba. Misali kana yin kilomita 30 a sati, sai ka sauko 22, sati na gaba 16, satin gasa wajen 12 zuwa 14, amma har yanzu kusan kullum kana cikin ruwa, in sau shida kake zuwa ka bar shi biyar ko shida ɗin. Dalili kuwa hannun ɗan ninkaya yana saurin manta ruwa, ka yi kwana uku ba ka shiga ba sai ka ji kamar tafin hannunka yana zamewa ba ya kama komai. Su kuma waɗanda suke mayar da tefa iyon shaƙatawa, suna ta yawo a hankali daga wannan bango zuwa wancan, ranar gasa jikinsu ya huta kam amma ya manta yadda ake gudu.

To wane irin gudu za a yi? Gudun gasa a gutsure. In ɗan mita 200 ne kai, ka yi 50 sau huɗu, kana hutawa daƙiƙa 10 a tsakani, koci ko abokinka yana riƙe da agogo, a ƙarshe a haɗa lokutan a ga ko sun yi daidai da abun da kake nema. Ɗan mita 100 ya yi 25 sau huɗu ko 50 sau biyu. Sau ɗaya ko biyu a zama ɗaya ya isa, sai ka bi shi da iyo mai sauƙi mai yawa. Ka fita daga ruwa kana jin da saura a jikinka, kada ka fita kana jan ƙafa. Ɗaga ƙarfe mai nauyi kuma ka ajiye shi kamar sati ɗaya zuwa kwana goma kafin gasa, ka bar 'yar roba ta kafaɗa da miƙe jiki.

Za ka iya jin jikinka ya yi nauyi a tsakiyar tefa, kamar ma ka fi da lalacewa, ga saurin fushi ga bacci ya ƙi zuwa. Wannan sananne ne, kusan kowa yana shiga, kuma a nan ne shaiɗan yake raya wa mutum ya koma ya yi wani mugun atisaye don ya tabbatar wa kansa har yanzu da sauransa. Kada ka yi. Ka faɗa wa koci yadda kake ji shikenan.

Mataki na uku, salo. Ba yanzu ake canja yadda mutum yake jan ruwa ba. Wani ya ga bidiyon zakarun ninkaya irin su Adam Peaty ko Katie Ledecky a YouTube saura kwana goma gasa ya ce shi ma haka zai koma yi, wallahi ranar tsere ba nashi ba nasu, a tsakiya zai tsaya. Abun da ake gogewa a wannan lokacin shi ne bango: tashi, juyi, da taɓawar ƙarshe, don su ne ake iya samun riba a kansu ba tare da an gaji ba.

Tashi tukuna. Dokar hukumar ninkaya ta duniya wato World Aquatics, wadda da ake kira FINA kafin su canja suna a ƙarshen 2022, dama ɗaya ce, ka riga ƙarar tashi an cire ka, babu a sake. Saboda haka ka yi ta gwada tashi da usur ko tafi, wani ne zai ba ka ba kai za ka ba kanka ba, kamar huɗu zuwa shida a rana da cikakken ƙarfi. In dakalin tashi na wurin gasar irin na zamani ne mai matakin ƙafar baya da ake matsarwa, ka samu lambar da ta yi maka daidai tun kafin ranar. Kana shiga ruwa hannu ɗaya kan ɗaya, damatsa sun matse kunnuwa, jiki a miƙe sak. A firistayil (iyon da aka fi yi da jan hannu ɗaya bayan ɗaya) da bataflai (wanda ake jefa hannu biyu gaba a tare) da iyon rigingine dole kanka ya ɓullo kafin ka wuce mita 15 bayan tashi da bayan kowane juyi, don haka ka ƙirga bugun ƙafa nawa kake yi a ƙarƙashin ruwa ka tsayar da lamba ɗaya. Kuma ba dole sai ka cike 15 ɗin ba fa, in bugunka na ƙasa ba shi da ƙarfi gara ka fito da wuri.

Juyi kuma, kada ka ɗaga kai ka kalli bango, kada ka ja numfashi a jan ƙarshe kafin juyi ko jan farko bayan ka fito in kana iyawa. Mai iyon rigingine ya ƙirga hannu nawa yake yi daga tutocin nan da ke mita 5 daga bango, kuma da gudun gasa zai ƙirga, don lissafin da aka yi a hankali ba ɗaya ba ne da na gudu, nan ne mutum yake buga kai ko ya juya ƙafarsa ta taki ruwa. Mai iyon kwaɗo da bataflai hannu biyu a tare ake taɓa bango, a juyi da a ƙarshe, alƙali yana tsaye a kanka yana kallo. A iyon kwaɗo bugun ƙafa irin na bataflai guda ɗaya tak aka yarda da shi a ƙarƙashin ruwa bayan tashi da bayan kowane juyi.

Taɓawar ƙarshe kuwa labarin Olamfik ɗin Beijin na 2008 ya ishi kowa. A mita 100 na bataflai Milorad Čavić ne a gaba har kusan bango, sai ya miƙe yana sulalewa, Michael Phelps kuma ya ƙara rabin jan hannu da sauri ya doki allon da ke jikin bango, aka tashi Phelps daƙiƙa 50.58, Čavić 50.59. Don haka duk gudun da ka yi a atisaye ka ƙare shi kai a ƙasa, ka doki bango da ƙarfi, allon lantarkin nan sai an danna shi yake tsayar da agogo.

Mataki na huɗu, kaya. Komai za ka sa ranar gasa ka riga ka gwada shi a ruwa, da tsalle daga dakali. Wandon gasa mai matsewa yana cin lokaci wajen sawa, na mata ma ya fi, kuma tun 2010 doka ta ce na maza daga cibiya zuwa gwiwa ne. Tabaran ruwa ka ɗaure shi fiye da na kullum, ka sa hular roba a kan igiyar, ka riƙe na biyu a jaka. A Beijin ɗin dai tabaran Phelps ya cika da ruwa a mita 200 na bataflai, da ƙirgen hannu ya ƙarasa kuma ya kafa tarihin duniya, shi ya sa yana da kyau ko sau ɗaya ka gwada iyo ba tabarau. Aske gashin jiki al'adar 'yan ninkaya ce tun shekarun 1950, in za ka yi ka bari sai daren gasa, a hankali da sabuwar reza.

Na biyar, ci da bacci. Tunda aiki ya ragu ba sai ka ci irin tulin da ba, amma kada ka ce za ka rage ƙiba yanzu, shinkafa, taliya, dankali, tuwo, abun da cikinka ya saba dai, su ne suke cika tsoka da makamashi. Babban abinci awa uku zuwa huɗu kafin tsere, bayan nan ayaba ko dabino da ruwa. A garin da aka je gasa ka yi hattara da abincin da ba ka sani ba. Bacci awa takwas zuwa tara, kuma na satin gaba ɗaya ya fi na daren ƙarshe muhimmanci, daren ƙarshe dama ba kowa ke samun runtsawa ba. Ƙwallo da yamma da yawon kasuwa a rana duk a ɗaga musu ƙafa. Magani kuma kada ka sha kowane iri sai likitan tawaga ya gani, tiramadol yana cikin jerin abubuwan da WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta hana a lokacin gasa tun farkon 2024, wasu magungunan mura ma akwai abun da ke cikinsu da zai iya ja maka matsala.

Na ƙarshe, ranar kanta. In da hali ka shiga ful ɗin gasar kwana ɗaya kafin, musamman in ka saba da ful mai tsawon mita 25 kuma gasar a mai mita 50 ce, ka ga bangon, ka ga tutoci, mai rigingine ya kalli sama ya san abun da zai bi don kada ya karkace. Ɗumama jiki ka yi irin wanda ka saba, mita 1000 zuwa 1500, da 'yan gajerun gudu da tashi biyu, sannan ka goge jiki ka sa riga da takalmi da safa har a kira ku, balle in lokacin hunturu ne a buɗaɗɗen ful. Kana gama tsere, kafin hoto da waya, ka faɗa ruwa ka yi iyo mai sauƙi minti 10 zuwa 15 in akwai wurin yi, ka sa wani abu a ciki, don wataƙila da yamma akwai fainal ko gobe kana da wani tseren.