Yadda za ka yi doguwar tafiyarka ta farko a keke: Marwa zuwa Garwa

Tsakanin Marwa da Garwa, a arewacin Kamaru, kimanin kilomita 210 ne a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Wanda bai taɓa wuce kai-komon cikin gari a keke ba, shawarata ya ware mata kwana uku: daren farko a Muturwa, na biyu a Figil, rana ta uku ya shiga Garwa. Ranar ƙarshen ce mafi tsawo, kusan kilomita 90, amma kafin nan jiki ya soma sabawa.

Matakin farko, tun kafin ka taɓa keken, shi ne zaɓen lokaci da kuma inda za ka fuskanta. Ka yi tafiyar tsakanin Disamba da Janairu. Watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, kwalta kanta tururi take yi, kada ka gwada. Kada kuma ka sa ta cikin azumi. Sannan ka tashi daga Marwa ka nufi kudu. Dalili kuwa iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, in ka nufi Garwa tana bayanka tana tura ka, ga shi kuma Marwa ta fi Garwa tudu, Garwa tana can ƙasa a bakin Binuwai. Ni daga Garwa na fara tawa, cikin Janairu. Da hantsi ya yi iska ta taso, sai na ji kamar an ɗaure mini buhun gero a baya: ina taka feda da iya ƙarfina, itatuwan gefen hanya ba sa wucewa. Ranar ban kai rabin abin da na yi niyya ba. Wanda yake Garwa ya ɗora keken a saman mota zuwa Marwa, ya dawo gida a kansa. Arewacin Marwa kuwa, wajen Mora da Waza, ka bar shi saboda matsalar tsaro.

Na biyu, ka horar da jikinka na mako huɗu aƙalla. Ka fara da kilomita 15, kana ƙarawa. Salak, inda filin jirgin sama yake, wajen kilomita 20 ne daga Marwa. Ranar da ka je ka dawo, washegari ka sake hawa ba tare da ƙafa ta ƙi ba, ka shirya. Abin da ke kayar da sabon matafiyi galibi mazaunai ne da gwiwa, shi ya sa ake gyara tsayin sirdi. Ka zauna, ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa: ƙafar ta miƙe sak. In gwiwa ta lanƙwashe, ɗaga sirdin. Ka sa wando marar kaurin ɗinki a tsakiya, ka naɗe ƙafarsa ta dama kada sarƙa ta kama.

Na uku, ka kai keken wurin mai gyara saura mako guda, ba ana gobe tafiya ba, don ka samu damar gwada aikinsa. A duba birki, a ɗaure wayoyin ƙafa, a sa wa sarƙa mai, tayar da ta sule a canja ta. Ka ɗaure kaya a kariya, kada ka goya jaka, bayanka zai gaya maka kafin azahar. Kayan gyara ba su da yawa: famfo, tib guda biyu, faci da gam, sifana, da ɗan ƙarfen ɓamɓare taya.

Faci kuwa dole ka iya shi da hannunka, domin ƙayar tsidau da ta aduwa suna nan birjik a gefen hanya, musamman in ka sauka daga kwalta neman inuwa. Ka zare tib ɗin, ka ɗan busa masa iska, ka riƙa juya shi kusa da leɓenka har ka ji sanyin iskar da ke fita. Ka kankare wurin, ka shafa gam siriri, ka jira ya bushe har ya daina maƙale wa yatsa, sannan ka manna facin ka danne sosai. Wani dattijo mai faci a gefen hanya ya gan ni ina shirin mayar da tib, sai ya ce, “Tsaya, yarona, ka ciro mai laifin?” Na ce, “Wane, Baba?” Ya karɓi tayar, ya zagaya cikinta da yatsa a hankali, ya zaro ƙaya ƙarama kamar kan allura. Da na mayar a haka, da ban yi taku ɗari ba ta sake sacewa.

Na huɗu shi ne ruwa, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali. Iskar hunturu tana busar da zufa tun kafin ka gan ta, sai ka ɗauka ba ka yi gumi ba alhali jikinka yana ta zubar da ruwa. Ka ɗauki lita 4 zuwa 5, ka riƙa kurɓa kowane kwata na sa'a ko ba ka ji ƙishi ba, kuma duk garin da ka samu famfo ka cika jarkokinka. Gora ɗaya ka haɗa ruwan gishiri da sukari: lita guda, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In fitsarinka ya yi ja, ko kai ya fara sarawa, ko ka ji jiri, ka sauka ka nemi inuwa nan take. Guzuri kuwa dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kaɗan-kaɗan kana tafiya. Kilishi ka ajiye shi sai dare, yana jawo ƙishi. Ka shafa man kaɗanya a leɓe.

Ranar tafiya ka tashi da an sallame asuba. Za ka fita daga inuwar darbejiyar Marwa cikin sanyi, gonakin masakwa, wato dawar rani, shar a dama da hagu alhali sauran daji ya bushe. Sa'a biyun farko ka tafi a hankali, ko da kana jin ƙarfi. Kilomita 12 zuwa 15 a sa'a ya isa. Daga ƙarfe 11 ka sauka ka huta har la'asar ta kusa, kuma tun da tafiyar ta wuce kilomita 80, kana da damar yin ƙasaru. Ka riƙe hannun dama. Lokacin jigilar auduga ne, ga kuma manyan motocin siminti a kewayen Figil. Da ka ji ƙararsu a baya ka ba su hanya gaba ɗaya. Katin shaidarka ya zauna a aljihun gaba saboda shingen jandarma.

Kada magariba ta same ka a kan hanya. In ƙarfi ya ƙare kafin masauki, ka tsaya a ƙauye mafi kusa, ka yi sallama gidan jauro, wato mai garin. Yankin Muturwa na Giziga ne, na Figil na Gidar, amma Fulatanci yana aiki ko'ina. Kowace yamma ka kira gida ka faɗi inda ka sauka.

A rana ta uku, da ka hango dutsen Tingelin ka san ka kusa Pitowa, daga nan kuma bai kai kilomita 20 zuwa Garwa ba. In Lahadi ce, ranar kasuwar Pitowa ce, hanya takan cika da babura da dabbobi. Ka sauka ka tura keken har ka fita daga cunkoson.