Yadda ake kai aikin zane daga allon kwamfuta zuwa maɗaba'a ba tare da asara ba

Mai koyon zanen kwamfuta a Maradi, ko ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne da ke yi a gefen karatu, ko yaron shago ne a wurin wani infografis, wato mai sana'ar zane da kwamfuta, yakan ɗauka cewa aiki ya ƙare da zarar abin ya yi kyau a allo. Waɗanda suka daɗe a sana'ar sun san cewa yawancin asara tana faruwa ne tsakanin allon da injin bugawa, don haka suke fara tunani daga wurin da za a ga aikin, sannan su dawo baya. Za mu bi aiki guda a matsayin misali, wato takardar da za a manna wa kwalbar man gujiya ta wata ƙungiyar mata, tare da fostar tallarta.

Kafin ka buɗe kwamfuta, ka nemi a kawo maka kwalbar kanta. Ka yanki takarda ka naɗa mata, ka auna tsawo da faɗi da milimita, domin awon da aka faɗa maka da baki ba safai yake dacewa ba. Ka tambaya wane ne zai saya: mai sayayya a babbar kasuwa, wanda wataƙila boko yake karantawa, ko Faransanci, ko ajami, ko kuma hoto kaɗai zai gane. Duk rubutun da zai shiga aikin ka karɓe shi a rubuce daga mai aiki, kuma lambar waya ka ƙirga ta ka ga alƙaluma 8 sun cika, ka buga ta a gabansa ta yi ƙara. A wannan zaman ne ake yanke farashi, a karɓi rabi kafin alƙalami, a kuma amince cewa gyara sau biyu ne, abin da ya wuce haka da kuɗinsa. Sabon mai zane yakan ji nauyin faɗin wannan ga hajiyar ƙungiyar da a shekaru ta haife shi, amma faɗinsa cikin ladabi tun farko ya fi a zo ana jayayya a gyara na bakwai.

Daga nan sai fensir da takarda. Ka zana ƙananan tsare-tsare uku ko huɗu, kana yanke abin da ido zai fara gani: sunan mai, sannan hoton gujiya, sannan yawan lita da lambar waya a ƙasa. Nau'in rubutu biyu sun isa. Idan kana son ado, zayyanar bangon gidajen Hausa da aikin dukawa a kan fatar jar akuya suna da siffofin da ba ka buƙatar aro daga intanet, sai dai a sa su a gefe kamar bakin zane, kada su danne sunan kayan.

Inda ya kamata a tsaya sosai shi ne haruffa masu ƙugiya. Tun da kundin tsarin tafiyar da ƙasa da aka fitar a 2025 ya sa Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, duk mai zane ya kamata ya iya fitar da rubutun Hausa daidai, amma da yawa daga nau'o'in rubutu masu ƙayatarwa ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Abin da ke faruwa shi ne kwamfuta ta aro harafin daga wani nau'i daban, ya fito siriri a tsakiyar kalma mai kauri, ko kuma ta sa ɗan akwati a gurbinsa. Wasu sukan guje wa matsalar ta hanyar cire ƙugiyar, alhali baƙi da baki ba abu ɗaya ba ne, haka ma ƙafa da kafa. Nau'o'in rubutu na Noto Sans, Charis SIL da Andika duk suna da waɗannan haruffa, kuma kyauta ake sauke su. Ka gwada kowane nau'i da kalmomi kamar ƙuli-ƙuli da ɗanɗano da ƴaƴa, manya da ƙanana, kafin ka gina tsari a kansa. Ka kuma tuna cewa a nan ƴ ake rubutawa, a Najeriya kuwa 'y, saboda haka idan kayan za su tsallaka Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, ko kuma a Kano za a buga, ka zaɓi guda ka sanar da mai bugawa kada ya yi maka gyaran da ba ka nema ba. Idan ka kammala, ka mayar da rubutun ya zama zane, abin da ake yi da danna Ctrl+Q a manhajar zane ta CorelDRAW, ta yadda injin da ba shi da nau'in rubutunka ba zai sauya shi ba. Ka ajiye kwafin da ba a mayar ba, domin wanda aka mayar ba ya gyaruwa.

Launi ma yana yaudara. Allo da haske yake haɗa launi, tsarin da ake kira RGB, injin bugawa kuwa da tawada huɗu, wato CMYK, kuma kore mai ƙyalli da shuɗi mai walƙiya da kake gani a waya sukan fito a dushe a takarda. Ka buɗe aikin a CMYK tun farko. Ƙananan rubutu ka yi su da baƙar tawada zalla, don idan an haɗa su da launuka huɗu kuma injin ya ɗan goce, sai su fito da inuwa. Fostar da za ta sha rana a bakin titi, ja da rawaya ne ke fara koɗewa a jikinta, don haka suna da lambar waya su kasance da launi mai duhu. Takardar kwalba kuwa mai zai taɓa ta, sai a buga ta a kan leda mai gam ko a rufe ta da leda.

Hoton da za a buga a riƙe a hannu yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, wato takardar A4, mai milimita 210 da 297, tana cin fiksel 2480 da 3508. Babban ƙyallen talla da ake kallo daga nesa, 100 zuwa 150 sun wadatar. Tambarin ƙungiya kuwa a zana shi da layi a CorelDRAW, Illustrator ko Inkscape, wanda kyauta ne, domin irin wannan zanen ana faɗaɗa shi daga kwalba zuwa bango bai fashe ba. Wanda ke aiki da waya a Canva ko PixelLab zai iya fitar da katin biki ko na suna mai kyau, amma ya sa awon gaske tun kafin ya fara. A kowane gefe ka bar launin bango ya zarce da milimita 3, ka kuma ja rubutu ciki da kamar haka, saboda wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kan layi kullum. Ka riƙa adana aiki a kai a kai, tunda wuta ba ta sallama idan za ta tafi.

Ka fitar da aikin a PDF. Idan ta WhatsApp za ka tura, ka tura shi a matsayin takarda, domin abin da aka tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi ya rasa kaifi. Kada ka yarda a buga ɗari biyar sai an buga ɗaya ka yanke, ka manna a kwalbar, ka fita da ita rana ka duba daga nisan taku uku. Ka ba wanda bai taɓa ganin aikin ba ya karanta da ƙarfi, don idonka ya riga ya saba da kuskurensa, sannan mai aiki ya sa hannu a bayan gwajin tare da kwanan wata.

Bayan an kai kaya, ka je ka ɗauki hoton kwalaben a kan teburin mai sayarwa, ka haɗa shi da zanen fensir na farko da kwafi ɗaya da aka buga, ka sa a jakar ayyukanka. Mai neman ɗaukar ka aiki zai so ya ga yadda ka taso daga fensir zuwa kwalba, kuma ranar da ƙungiyar ta dawo tana son a sauya lambar waya, fayil ɗin da ba a mayar da rubutunsa zane ba shi za ka buɗe.