Kurakuran da masu kallon zane suka fi yi

Duk lokacin da ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) suka baje aikinsu a Samaru, maganganu iri ɗaya nake ji daga bakin sababbin masu kallo, har na gaji.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne a ga mace mai dogon wuya, fuska kamar an sassaƙa, a ce mai zanen bai iya ba. Haba! Marigayi Yusuf Grillo, fitaccen mai zanen da aka sani da irin wannan salo, a nan Zariya ya yi karatu, yana cikin matasan ƙungiyar masu zane ta 1958 tare da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, kuma ya san ƙirar jikin mutum sarai. Da gangan yake ƙara wa mata tsawo, yana kakkarya zane da ɗankwali zuwa kusurwoyi, don ka ji natsuwarsu.

Na taɓa kai ƙanena wajen wani mai zane a Sabon Gari. Yaron nan ya buɗe baki ya ce, "Malam, hannun tsohon nan ya fi kansa girma, a gyara." Mutumin bai ce uffan ba, ya juya zanen ya fuskanci bango, kuma har yau bai ƙara nuna mini sabon aiki ba. Manomi fa aka zana, kanta duk ta cinye tafin hannunsa. Inda aka ƙara girma, nan ake so idonka ya tsaya. Ni nakan nemi wurin tukuna, in tambayi kaina me ya sa.

Sai masu haddace ma'anar launi daga intanet: shuɗi baƙin ciki, ja fushi. Wa ya gaya muku? Shuɗin Grillo ya fi kusa da rinin adire na Yarbawa, mu kuma da rawanin turkuɗi ake hawan sallah. Ku daina ɗora wa zane haddarku. Nakan ja da baya, in ƙanƙance ido har siffofi su dushe, in ga wane launi ya danne wane, sannan in duba kafaɗa: ta faɗi ko a miƙe take? Mutanen suna kallon juna ko kowa ya kau da kai?

Sunan zanen a bar shi sai ƙarshe, kada ya riga idonka. Ba kowane tsuntsu ko ƙwarya ba ne alama. Wani don cike gurbi aka sa shi. Wayar nan kuma a mayar da ita aljihu, hoto ba ya nuna kaurin fenti.