Yadda Ake Zaɓen Kujerun Miji da Mata a Ajin 'Yan Kasuwa na Jirgin Sama, Kada Shamaki Ya Raba Ku

Sai mutum ya zuba kuɗi masu yawa ya sayi tikiti biyu na ajin 'yan kasuwa, nasa da na matarsa, yana ganin za su yi awa goma a sama kafaɗa da kafaɗa. Suna shiga jirgi sai su tarar da allo a tsakaninsu wanda ba ya sauka. Ko kuma allon yana motsawa, amma kawunansu sun yi nisa har sai ɗaya ya miƙo wuya kafin ya ji abin da ɗayan ke faɗa. Abin yana ba ni takaici, domin yawanci a cikin jirgin nan akwai kujerun da suka dace da su, ba su dai san yadda ake gane su ba ne.

Dalilin kuwa shi ne, kujerun wannan aji na zamani don matafiyi shi kaɗai aka ƙera su, wanda yake son ya miƙe ya yi barci, ya fita zuwa banɗaki ba tare da ya tsallake ƙafar kowa ba, kuma kada baƙon da ke gefensa ya leƙa shi. Shamakin da ke tsakanin kujeru dominsa aka saka shi. Ma'aurata su ne za su nemi inda shamakin yake ba su hanya. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: ku daidaita a kan abin da kuke so

Kafin a taɓa waya, ku yi magana. Tafiyar dare ce da kowa zai ci abinci ya kwanta, ko ta rana ce da za a sha hira? Akwai wanda ba ya iya zama sai kusa da taga? Wannan tambayar tana da nauyi, don a yawancin jiragen zamani kujerun da ke haɗe biyu a tsakiyar jirgi suke, kuma tsakiya ba ta da taga. Da wuya a samu kusanci da taga a lokaci guda. Gara ku san wanda za ku bari tun kuna gida.

Mataki na biyu: ku gano jirgin da za ku hau, ba sunan kamfani kaɗai ba

Kamfani ɗaya kan iya samun kujeru iri uku ko huɗu a jiragensa. Qatar Airways ta fito da tsarin kujeru mai ƙofa da ake kira Qsuite a 2017, amma ba duk jiragenta ne ke da shi ba. British Airways ta fito da nata sabon tsarin, Club Suite, a 2019, kuma an daɗe ana ganin sabbin kujerun da tsofaffin suna aiki tare a jirage daban-daban. Don haka hoton da kuka gani a talla ba hujja ba ne.

Ku duba bayanin tafiyar a shafin kamfanin ko a manhajarsa, za ku ga an rubuta nau'in jirgin, misali Boeing 777, Boeing 787, Airbus A350 ko A380. Daga nan ku buɗe taswirar kujerun wannan tafiyar, ta wannan ranar. Taswirar kamfani takan nuna kujeru kamar ƙananan akwatuna a jere, ba ta nuna inda suka karkata. Shafuka irin su aeroLOPA suna zana ainihin siffar kowace kujera, kuma su ne za su amsa muku tambayar mataki na gaba.

Mataki na uku: ku duba inda kawunanku za su kasance

Nan ne aikin yake. Kada ku tsaya a kan cewa lambobin kujerun suna maƙwabtaka. Ku tambayi kanku, idan mun jingina, kaina da kanta nawa ne tsakaninsu, kuma me ke tsakanin?

Tsarin da ya fi yawa yanzu shi ne 1-2-1, wato kujera ɗaya a tagar hagu, biyu a tsakiya, ɗaya a tagar dama. Amma biyun tsakiyar nan iri-iri ne.

Akwai tsarin da kujeru ke saɓawa layi bayan layi. Kowace kujera tana da ɗan tebur mai faɗi a gefenta, wanda ƙafafun na baya ke shiga ƙarƙashinsa idan ya kwanta. A wani layin teburan biyu suna ta wajen hanya, kujerun kuma suna manne da juna a tsakiya. A layin da ke binsa sai abin ya juye, teburan su dawo tsakiya, kujerun su koma bakin hanya. Na farkon su ake yi wa laƙabi da kujerun amarci, kuma su kuke nema. Na biyun kuwa, ko da an sauke shamaki, faɗin tebur biyu ne tsakaninku. A A380 na Emirates, masu haruffan E da F su ne na kusa, D da G su ne na nesa. A yawancin kujerun Polaris na kamfanin United a Boeing 777 da 787, na kusan suna layuka irin na 1, 3, 5. A Boeing 767 na kamfanin kuwa tsarin 1-1-1 ne, babu kujeru biyu a haɗe ko kaɗan. Layi ɗaya kacal za ku kuskure ku faɗa a na nesa, don haka ku natsu wajen dubawa.

Sai tsarin da ya yi kama da ƙashin bayan kifi, inda kujeru ke karkace. A wanda ya fi yawa, kujerun taga suna kallon taga, na tsakiya kuma suna karkata zuwa juna. A takarda kamar abin ya yi kyau, amma ƙafafu ne ke haɗuwa, kawuna suna can baki-baki kusa da hanya. Irinsa ake samu a Club Suite da kuma jirage da yawa na Cathay Pacific da Air France. Za ku iya ganin juna idan kun ɗan sunkuyo gaba, za ku iya miƙa wa juna abu, amma ba wurin raɗa ba ne. Duk da haka, a irin wannan jirgin biyun tsakiyar sun fi a zauna hanya na tsakani, don a can kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya ne. Kuma duk layukan iri ɗaya ne, babu na musamman da za ku yi ta nema.

Qsuite ya haɗa abubuwa biyu, wasu kujeru na kallon gaba, wasu na kallon baya. Na tsakiya masu E da F, a layuka irin na 1, 3, 5, suna manne kuma suna kallon bayan jirgi. Su ne ake mayarwa gado na mutum biyu, ko da yake wurin ƙafafu a rabe yake, kowa da nasa. Masu D da G suna kallon gaba kuma sun yi nisa da juna. Wanda bai taɓa zama yana kallon baya ba zai ji wani iri a lokacin tashi, na 'yan mintuna, daga nan ba a ma lura. Amma idan ɗayanku mai saurin jiri ne, ku yi tunani a kai tukuna.

Kada kuma ku raina tsohon tsarin 2-2-2. Masu tafiya su kaɗai ba sa sonsa, don na taga sai ya tsallake maƙwabcinsa. Ga miji da mata kuwa, a ganina, har yanzu yana cikin mafi daɗi: kuna gefen juna, fuska ɗaya kuke kallo, ga taga, kuma wanda za ka tsallake matarka ce. Abin da za ku kiyaye shi ne tsarin 2-3-2, ku ɗauki biyun gefe kada baƙo ya zama na ukunku.

Mataki na huɗu: ku san irin shamakin

Bayan kun samu kujerun kusa, saura allon da ke tsakani. Wani a kafe yake, ba ya motsi, sai dai ya rufe wajen kai ya bar gaba a buɗe. Wani ɗan ƙarami ne da ake zugewa gefe kamar marfin taga, ya buɗe muku kafa daidai ganin fuska. Wani yana sauka zuwa tsayin madogarar hannu, da hannu ko da maɓalli. Wani kuma yana nutsewa har ƙasa daidai katifa, shi ne ke sa kujeru biyu su zama kamar shimfiɗa ɗaya. Singapore Airlines tana da irin wannan a kujerun tsakiya na A380 da ta sabunta tun 2017, kuma waɗanda ke layin farko na kowane sashe, masu fuskantar bango, su ne suka fi zama gado sosai.

Taswira ba ta faɗin wannan. Hanya mafi sauƙi ita ce ku nemi bidiyon da matafiya suka ɗauka a YouTube, ku rubuta sunan kamfanin da nau'in jirgin, ku kalli daidai inda aka ɗaga allon aka sauke. Minti biyu na kallo ya fi dogon bayanin talla.

Ƙofa daban, shamaki daban. Ƙofar da ke kujerun Qsuite ko Delta One na kamfanin Delta tana raba ku da masu wucewa a hanya ne. Ba ruwanta da abin da ke tsakaninku.

Mataki na biyar: ku kama kujerun da wuri

Kujerun kusa ba su da yawa, wani sashen uku ko huɗu ne kawai, kuma su ake fara ɗauka. Ku sayi tikitin biyu a rajista ɗaya, da lamba ɗaya, ku zaɓi kujeru nan take. Wannan yana da amfani biyu. Wasu kamfanoni suna ɓoye kujerun ma'aurata daga mai tikiti ɗaya, ba za su bayyana ba sai na'ura ta ga mutum biyu. Sannan idan aka sauya tsari, wanda ke gyara kujeru zai ga cewa tare kuke.

Idan dole tikitin ya rabu, misali wurin aiki ne ya saya wa ɗaya, ɗayan kuma ya saya da kansa, ku kira kamfanin ku ba da lambobin biyu, ku ce a rubuta cewa tafiyarku ɗaya. Idan ejan ne ya saya muku, kada ku ce masa kawai "a haɗa mu". Ku faɗa masa layi da harafi. Ku kuma lura cewa mafi arhar tikitin wannan aji a wasu kamfanoni ba ya zuwa da zaɓen kujera kyauta, kuma kujerun layin bango akan ajiye wasunsu don masu jarirai, saboda nan ake maƙala gadon jinjiri.

Mataki na shida: ku riƙa leƙawa

Kamfanoni suna sauya jirgi, wani lokaci kwana ɗaya kafin tafiya, kuma harafin da yake na kusa a wancan jirgin zai iya zama na nesa a wannan. Ku duba taswira mako guda kafin tashi, ku sake dubawa da zarar an buɗe karɓar katin shiga jirgi a intanet, wanda yawanci awa 24 ne zuwa 48 kafin tashi. A lokacin akan saki kujerun da aka riƙe. Idan an raba ku, ku je filin jirgi da wuri ku yi magana da mai ba da kati, ya fi a bari sai an shiga ciki ana roƙon fasinja.

Mataki na bakwai: a cikin jirgi

Kada ku yi kokawa da allon. Idan kun taɓa bai motsa ba, ku kira ma'aikaciyar jirgi, don wasu suna da makulli da su kaɗai ke buɗewa, wasu kuma sai an danna an ja a lokaci guda. A lokacin tashi da sauka ƙofofi a buɗe ake barinsu saboda tsaro, kuma za a iya ce muku shamakin ya tsaya a wani matsayi har sai jirgi ya daidaita. Ku bi abin da aka ce. Ku kuma kwashe waya da tabarau da kofi daga bakin ramin da allon ke shiga, don abin da ya faɗa can wahalar cirowa gare shi. Waya musamman, idan ta maƙale a cikin kujera kada ku motsa kujerar, ku kira ma'aikata, saboda batirin da aka matse yana iya kamawa da wuta.

Idan kuna son a haɗa muku shimfiɗa, ku faɗa tun ana kawo abinci, don su san lokacin da za su dawo. Ku ɗaura bel a saman bargo yadda za a gan shi, kada a tashe ku idan jirgi ya shiga gargada. Ku tuna kuma allunan nan ba sa kaiwa rufi kuma ba sa tare sauti, mai wucewa yana ganinku daga sama, na bayanku yana jin hirarku.

Abu na ƙarshe da nake so ku yi magana a kansa tun kafin a kashe fitilu shi ne ɗaga shamakin. Wani yana son kallon fim har tsakar dare, hasken talabijin ɗinsa kuma yana dukan fuskar mai barci. Wata tana son ta yi karatu da fitila a kunne. Idan an faɗa tun farko cewa duk wanda barci ya fara ɗauka ɗayan zai ɗaga masa allon, babu wanda zai farka ya ga bango a gefensa ya shiga tunanin ko ya yi laifi. Ku ɗaga shi a hankali don wasu suna ƙara, idan kuma irin mai tsayawa rabi ne, rabin ya isa ya tare haske.