Yadda za ku sa ƙaramar hukuma ta sa ido kan sabon rukunin gidaje a unguwarku

Ranar da kuka wayi gari kuka ga an kafa allo a gonar da ke bayan unguwa, an zana gidaje masu jan rufi, tifa kuma ta fara sauke yashi, to a ranar ya kamata ku fara motsi. Gida ɗari uku na nufin ƙarin motoci a titin da ku ma ya yi muku kaɗan, da ƙarin yara a firamaren da ta riga ta cika, da ruwan saman da a da gona ke shanyewa, yanzu zai sauka kan siminti ya nemi inda zai bi. Mai rukunin zai sayar da gidajensa ya yi gaba. Ku da ƙaramar hukumarku za a bari da abin da ya biyo baya. Ga yadda ake bin lamarin tun ana iya gyarawa.

Ku fara da sanin wanda ke riƙe da wuƙa da nama

Mutane da yawa kan tafi wajen ciyaman da ihu, alhali ba shi ya ba da filin ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, shi ke ba da shaidar mallaka. Ƙaramar hukuma tana da ikon ba da izinin mallaka na gargajiya ne a filayen da ba a ayyana su cikin birni ba. Izinin gini da amincewa da taswirar fulotai kuwa aikin hukumar tsara birane ta jiha ne, wato KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Tun 2003 Kotun Ƙoli ta tabbatar, a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, cewa tsara birane hurumin jihohi ne.

To ina ruwan ƙaramar hukuma? Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora mata gina ƙananan tituna da kula da su, da magudanan ruwa, da fitilun titi, da kwashe shara, da maƙabarta, da kasuwanni, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, sannan tana da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Wato duk abin da mai rukunin ya ƙi yi, a kanta zai faɗo. Wannan ita ce hujjar da za ku riƙe mata: ba alfarma kuke nema ba, asusunta kuke taya ta karewa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, maganar asusun ta ƙara nauyi, ko da yake aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya.

Ku nemi ganin taswirar da aka amince da ita

Ku haɗa mutum huɗu ko biyar, da mai unguwa a ciki, da wani da ya iya karanta zanen gini. Ku je wajen mai aikin da sallama, ku ce kuna son ganin taswirar da hukuma ta buga wa hatimi. Hoton da ke kan allon talla ba shi kuke nema ba. Idan ya nuna, ku duba faɗin tituna, da hanyar shiga da fita, da filin da aka ware wa makaranta da masallaci da asibitin sha-ka-tafi da wurin tara shara. Ku ɗauki hotonta da waya, domin filin makaranta kan rikiɗe ya koma fulotai shida idan ciniki ya yi kyau. Idan ya fara kame-kame, wataƙila awon igiya ne aka yi wa katanga da ƙofa mai kyau, kuma wannan kaɗai ya isa a rubuta wa hukumar tsara birane.

Ku bi ruwa da ƙafarku

A nan zan daɗe, don nan ne ake cin mutane. Kowane mai rukuni yana yin lambatu a cikin gidajensa, saboda mai saye zai gani. Tambayar ita ce, bayan ruwan ya fita daga katanga, ina ya nufa?

Yayata tana zaune a wata unguwa a gefen Kano, gidanta ya fi shekara ashirin bai taɓa shan ruwa ba. Aka gina rukunin gidaje a tudun da ke gabas da su, aka cike kududdufin da ke tsakani da marmara aka fitar da fulotai a kansa. Daminar farko na je na same ta ta ɗora buhun shinkafa da akwatin kaya a kan gado, tana kwarfe ruwa da tasa daga tsakar ɗaki. Da muka bi sawun ruwan, sai muka tarar da wata ƙatuwar magudana, an yi mata siminti sumul, ta huda katangar rukunin ta tsaya nan, bakinta na kallon layinsu. Ko taku goma ba a ƙara ba.

Saboda haka ku taka da kanku, ku bi gangaren tun daga filin har inda ruwan zai faɗa rafi ko babbar magudana. Ku tambayi tsofaffin manoman wurin ta ina ruwa ke bi a watan Agusta, sun fi kowace takarda sani. Ku lura da kowane kwalbati a hanya: wanda aka yi don ruwan gona ba zai ɗauki ruwan rufin gida ɗari uku ba. Idan akwai kududdufi ko fadama a cikin filin, ku nemi a faɗa muku a rubuce abin da za a yi da shi. Masu kuɗi ma ba su tsira daga wannan ba. A watan Yunin 2023 ambaliya ta shanye gidaje masu yawa a rukunin Trademore da ke Lugbe a Abuja, har hukumomin birnin suka ayyana wurin a matsayin yankin da bala'i ya afka wa.

Ku tambayi rahoton muhalli

Dokar tantance tasirin ayyuka kan muhalli ta 1992 ta wajabta yin cikakken bincike ga rukunin gidajen da ya kai hekta 50 ko fiye. Irin wannan rahoto akan baje shi na kwanakin aiki 21 don jama'a su karanta su faɗi ra'ayinsu, kuma sakatariyar ƙaramar hukumar da aikin ya shafa tana cikin wuraren da ake ajiye shi. Sau da yawa yakan gama kwanakinsa a kan tebur ba wanda ya buɗe. Ku je ku buɗe, ku rubuta ƙorafinku kafin wa'adin ya cika.

Ku kai maganar a rubuce, ta hannun kansila

Maganar baka ba ta da rasit. Ku rubuta wa ciyaman takarda shafi ɗaya, ku ba kansilan mazaɓarku kwafe, ku ba shugaban sashen ayyuka, ku sanar da dagaci da hakimi. Wanda ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kwafenku. Ku roƙi kansila ya gabatar da batun a zaman majalisa, a tura injiniya ya duba wurin tare da ku.

Abin da kuke so ya fito daga wannan shi ne yarjejeniya a rubuce tsakanin mai rukunin da hukuma, kafin a fara miƙa wa masu saye makulli. Ta faɗi wanda zai kai magudana har mafitarta, da wanda zai gyara titin da tifofi za su farfasa, da ranar da za a miƙa titunan ciki ga hukuma da halin da za a miƙa su. Ta faɗi cewa rukunin zai sa taransifomarsa, kada a jona shi a taku da ke kuka tun kafin su zo. A Kano wannan sai da sanin KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, don haka su ma ku aika musu kwafe. Ku sa maganar rijiyar burtsatse: idan kowane gida zai haƙa tasa, rijiyoyinku na gargajiya ne za su fara ƙafewa a bazara. Kar ku manta da maƙabarta. Ba mai son tada zancen a taro, amma unguwar da ta ninka sai ta buƙace ta.

Wani zai ce muku ciyaman ba shi da ƙarfin taka wa babban ɗan kasuwa birki. Sau tari haka ne. Amma takarda mai kan sarki daga ƙaramar hukuma zuwa hukumar tsara birane ta fi koken mutum biyar nauyi, kuma ita za ku ɗauko gobe idan an ce ba wanda ya yi magana.

Idan aka yi muku shiru

Ku sake rubutawa, wannan karon a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ku nemi kwafen izinin gini da taswirar magudana. Idan har yanzu shiru, akwai hukumar karɓar koke-koken jama'a, akwai kuma gidajen rediyo, waɗanda a Kano sukan tada jami'in da takarda ta kasa tayarwa.

Kafin nan ku naɗa mutum biyu su riƙa leƙa aikin duk mako suna ɗaukar hoto daga wuri ɗaya. Ruwan farko mai ƙarfi da zai sauka, su fita da lema su ɗauki bidiyon bakin magudanar tana zuba, da kwanan wata, su kai wa injiniyan sashen ayyuka washegari da safe tun ƙasa ba ta bushe ba.